Gonar da Tatang Ya Ba Kiyo

Waipahu, Hawaii
9 ga Fabrairu, 2003

Manong Doming, yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Manang Pacing da yara. Yaya jikin Tatang? Ka ce ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ku ɓoye masa kwalbar kifin gishirin nan. Na san ubanmu, zai ce ɗanɗanawa kawai yake yi.

Mu nan da sauƙi. Ina nan a otal ina gyara gadajen mutanen da suka zo hutawa. Ɗana Kiyo ya cika shekara sha ɗaya, ya yi nauyi, bayana ya fara ba ni labari duk sanda na ɗaga shi daga keken guragu. Har yanzu ta robar ciki yake cin abinci, amma farfaɗiyar ta ragu tun da aka canza magani. Nalani, nas ɗin da gwamnati ke biya, tana zuwa kafin in fita, ta zauna da shi har in dawo. Ta gano cewa in ta shafa masa ganyen zogale a kumatu, dariya yake yi har ya shaƙe. Ta kusa tsige mini bishiyar bayan gida. Mijina Rudy kuwa kada ka tambaya. Tun da ya tafi Las Vegas neman aiki, aikin bai gan shi ba, mu ma ba mu gan shi ba.

Na zauna rubutu ne don a waya kowa ihu yake yi, kati ya ƙare ba a ce komai ba. Anti Saling, ƙanwar uwarmu Nanang, ta dawo daga gida ta ce Tatang yana maganar raba gonaki tun yana da rai. Don Allah, Manong, kada a sa sunan Kiyo a komai. Ko kaza kada a ce tasa ce.

Ka karanta wannan da kyau ka yi wa Tatang bayani. Gwamnatin nan tana biyan Nalani da magunguna da injin zuƙe majina ne saboda a takarda Kiyo matalauci ne, ba shi da komai. Ranar da abin da ya mallaka ya wuce dala dubu biyu, ko a wace ƙasa yake, za su janye hannu. In babu Nalani ba ni da halin fita aiki, in babu aiki babu kuɗin haya, in babu gida za su kai shi gidan ajiye marasa lafiya. Duk wahalar da nake sha a duniya don kada a kai ga haka ne. In Tatang yana so ya yi masa wani abu, an ce akwai wani asusun amana da lauya ke buɗewa. Ku jira ni in tambaya.

Kwalin kaya yana hanya. Tawul ɗin shuɗi na Tatang ne, kada yaranka su yi masa wayo.

Ƙanwarka,
Lita

Pinili, Ilocos
27 ga Afrilu, 2003

Ading Lita,

Ina gaishe ki, ƙanwata, ina gaida Kiyo. Muna lafiya, sai kewa. Addu'ar kwana tara ta wuce lafiya, mutane sun zo har daga Badoc. Kada ki sa wa ranki damuwa don ba ki zo jana'izar Tatang ba, kowa ya san ba ki da wanda za ki bar wa yaro. Kuɗin akwatin gawa da kika aiko sun isa har da na abincin baƙi. Da tawul ɗinki muka goge masa fuska a ranarsa ta ƙarshe.

Yanzu ga abin da zai sanyaya miki zuciya. Na ɓoye shi a waya don ina so ki gani da idonki. Wasiƙarki ta iso Tatang yana da sauran ƙarfi, na zauna a bakin gado na karanta masa. Da na zo wurin kaza sai ya ce, "Sake karantawa." Na sake. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ya ce, "Halin uwarta ta kwaso. Ita ma sai ka miƙa mata abu sau uku kafin ta karɓa, tana cewa a bar shi, a bar shi, idonta na kai."

Na ce, "Tatang, da gaske take fa."

Ya ce, "Kunya ce, Doming. Tana ganin yaron bai taɓa riƙe fartanya ba, don haka bai cancanta ba. Sauran jikokina suna da ƙafa, za su tashi su nema. Takwarana ba shi da ƙafa, dole ƙasa ta je masa. In yana da gona, ko uwarsa ta mutu dangi ba za su yar da shi ba, ko don tafarnuwar."

Sauran maganar, ta gwamnati da talauci, ban karanta masa ba, Ading. Yaya zan dubi tsoho a kwance in ce masa jikan da aka sa wa sunansa yana cikin matalautan Amurka? Mutumin da ke zama a ƙofar gida yana nuna wa duk mai wucewa hotonki a gaban otal? Kuma me ya haɗa dokar Amurka da gonar da ɓauna ke yi wa huɗa a Pinili? Ko taswira suka ɗauko ba za su gan mu ba.

Washegari ya sa na ɗauke shi a babur mai ƙafa uku zuwa wurin lauya. Bai iya riƙe biro ba, sai ya dangwala yatsa. Gonar bakin rafi ya ba Kiyo, wadda nake nomawa, wadda ke ba mu shinkafa da damina, tafarnuwa da rani. Ban ji komai a raina ba, wallahi. Zan ci gaba da noma ta, rabon mai gona in ajiye masa. A ranar nan Tatang ya ci abinci kwano biyu.

Ga kwafin takardar mallaka, da sunan Kiyo cikakke. Ki nuna masa.

Yayanki,
Doming

Waipahu
25 ga Mayu, 2003

Manong,

Ina fatan kuna lafiya. Kiyo lafiya. Ni ce ba lafiya ba.

Na buɗe wasiƙarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Manong, me ka yi mini? Na rubuta maka da harshen da uwa ɗaya ta koya mana, na ce ka karanta da kyau, kai kuma ka zaɓi inda ya yi maka daɗi.

Na yi tunanin in ɓoye, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka manta rabin Pinili a Waipahu suke. Ranar Lahadi a ƙofar coci Anti Saling ta ɗaga murya ta ce, "Ga uwar mai gona nan! Kiyo ya zama babban mutum, saura a nemo masa mata." Mata suka yi ta taya ni murna. A cikinsu akwai wadda ɗiyarta ke aiki a ofishin da ke biyan Nalani. Kuma duk shekara sai na rantse a takarda kan abin da Kiyo ya mallaka, wanda ya yi ƙarya kurkuku ne. In aka ɗaure ni wa zai juya shi a gado?

Na je na faɗa da bakina. Matar ofishin ba muguwa ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Kakansa ya so shi ƙwarai." Na ce, "Gona ce a ƙauye, bai taɓa ganinta ba, ba zai taɓa ci daga cikinta ba, ta roba yake ci." Ta ce, "Na gane. Amma tasa ce."

Ta tura ni wurin wani lauya mai taimakon marasa hali. Ya ce da Tatang ya zuba kyautar a asusun amana, wani ya riƙe wa Kiyo, da babu abin da zai taɓu, don dukiyar ba ta shiga hannun yaron ba. Aikin yini ɗaya ne. Yanzu kuwa ta riga ta zama tasa. Ba zan iya mayar maka da gonar ba, in na yi kyauta da ita za su hukunta shi, su yanke taimako har shekara uku. Hanya ɗaya ta rage. A sayar da ita a kan farashinta na gaskiya, a zuba kuɗin a asusun amana, kuma ranar da Kiyo ya mutu gwamnati ta kwashe abin da ya saura.

Za su ci gaba da biyan Nalani a matsayin rance, in har na kawo shaidar cewa an sa gonar a kasuwa. Ka je wurin lauyan nan naku ya rubuto cewa ana neman mai saye, ka aiko mini da sauri. Takarda ɗaya ce nake roƙo.

Da Tatang bai ba shi komai ba, da ya fi masa.

Lita

Pinili
6 ga Yuli, 2003

Ading,

Muna gaisuwa. Ruwa ya sauka sosai, mun gama dashe. Pacing na fama da ciwon haƙori, yara lafiya. Allah ya ƙara wa Kiyo sauƙi.

Na daɗe ban amsa ba don na jira zuciyata ta huce. Ba ta huce ba, amma ga amsa.

Kin ce ba za ki iya mayar mini da gonar ba. Yaushe na roƙe ki? Ni na ɗauki tsohon a babur na kai shi ya ba ɗanki ƙasar da nake ciyar da iyalina da ita, ban ce uffan ba. Yau kina yi mini magana kamar wanda ya sa ido a kan abin maraya.

Kuma kin ce a sayar. Ko baƙin ƙyallen makoki ba mu cire daga riga ba. Kin san ba a taɓa kayan mamaci sai an yi waksi, shekara ta zagayo an cire baƙi. Ko Hawaii ta goge miki wannan? Na ɗan taɓa maganar a wurin gyaran madatsar ruwa, sai wani ya ce, "'Yan Hawaii ke nan, gawa ba ta yi sanyi ba sun fara tambayar farashi." Kowa ya yi dariya, ni na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗibar duwatsu. A gonar nan aka binne cibiyarki da tawa.

Maganarki ta ƙarshe kuwa, cewa da bai ba shi komai ba, ban nuna wa Pacing ba. Tsoho ya mutu da farin cikin abin da ya yi.

Ga shawarata. Nawa ne albashin nas ɗin nan? Bana duk abin da gonar ta bayar, shinkafa da tafarnuwa, ba rabon mai gona kaɗai ba, zan sayar in aiko miki ki biya ta da kanki, gwamnati ta riƙe kuɗinta. In kuma abin ya gagara, ki kawo shi gida. Ɗakin Tatang babu kowa. Hannaye sun yi yawa a nan, ba sai an biya wani ya so shi ba.

Ki bari waksi ta wuce, sai mu yi magana kamar 'yan uwa.

Doming

Waipahu
3 ga Agusta, 2003

Manong Doming,

Gaisuwa. Ka ce wa Manang ta cire haƙorin nan ta huta.

Ban zarge ka da kwaɗayi ba. Doka ce ta hana ni mayarwa, abin da nake nufi ke nan. Ka fi kowa haƙƙi a gonar nan, na sani, kuma shi ke hana ni barci.

Ka tambayi albashin Nalani. Abin da ake kashewa a kan Kiyo a wata ɗaya, da nas da magani da madarar da ake ba shi ta roba, tafarnuwarka ta shekara biyar ba za ta biya ba. Ba raini ba ne, haka ƙasar nan take.

Ka ce in kawo shi gida. Na gode, kuma na yi kuka a wurin. Amma sau nawa ake ɗauke muku wuta a mako? In majina ta toshe masa maƙogwaro, injin nan ne ke tsakaninsa da mutuwa, kuma ba ya jiran babur ya kai shi asibitin Batac. Hannayenku masu yawa ba za su zuƙe ta ba.

Kai ba ka san shi ba, hoto kawai ka sani. Ya san ƙarar makullina. Nalani ta ce tun ina kan matakala yake fara buga ƙafa a keke. Ba ya magana, amma in na yi masa waƙar da Nanang ke yi mana, yana riƙe numfashi har in kai ƙarshe. Wannan yaron za su kai ɗakin da mutum ɗaya ke duba yara takwas.

Na roƙi matar ofishin ta ƙara mini lokaci, ta ƙara zuwa ƙarshen Satumba. Ba na ce ka sayar gobe ba. Takarda kawai, cewa an sa a kasuwa. Tatang ya mutu, ba ya jin abin da mutanen madatsa ke faɗa. Kiyo yana da rai.

Ƙanwarka,
Lita

Waipahu
12 ga Oktoba, 2003

Manong,

Ba na tambayar lafiyarku, tunda ku ba ku tambayi tamu ba. Na buga waya shagon Mang Berto, inda ake kira mini ku, sau da yawa, layin a mace.

Sun yanke. Ranar Juma'a Nalani ta yi sallama da Kiyo. Ta kawo masa reshen zogale, ta fita ba ta waiwayo ba don kada in ga fuskarta. Kuɗin da suka biya tun Mayu ma yanzu bashi ne a kansa.

Na ajiye aikin otal. Ka riƙe gonarka da makokinka. In ka je kabarin Tatang ka ce masa kyautarsa ta iso.

Lita

Pinili
9 ga Nuwamba, 2003

Ading Lita,

Muna raye. Guguwa ta same mu a ƙarshen Agusta, ta ɗauke gadar garinmu da turakun waya, ta kwashe rufin kicin. Ba wanda ya mutu a gidanmu. Shinkafar bakin rafi rabi ta kwanta a laka.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, don jakar ta zauna a ƙetaren rafi har aka gyara gada. Na fara buɗe ta Oktoba. Na karanta, na ce to, Lita ta yanke zumunci. Na jefa ɗayar a kan kabad, sai da ta kwana uku Pacing ta buɗe ta karanta mini da ƙarfi ina cin abinci. Da ta zo wurin makulli da matakala, na ture kwanon.

Ta ce, "Doming, kai jaki ne."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ba ka sani ba tukuna. Tashi ka sa riga."

Mun je Laoag wurin lauya a ranar. Ga takardar da kika nema, na san ta makara. Akwai mai saye, wani dillalin tafarnuwa da ya daɗe yana zagaya gonar nan da ido. Amma lauya ya ce tunda Kiyo yaro ne, sai alƙali ya yarda kafin a sayar, kuma sai kin aiko da takardun da ofishin jakadancinmu ya buga wa hatimi. An ba mu watan Maris. Na ce masa yaro na can babu nas. Ya ce kotu ba ta san wannan ba.

Ban jira waksi ba. Mutanen madatsa sun daina yi mini magana, kawunmu ya tofa yawu da na wuce. Bai dame ni ba kamar yadda na zata.

Na sayar da ɓauna, kuɗin na hanya. Ki rubuto ko zagi ne.

Yayanki,
Doming

Honolulu
25 ga Janairu, 2004

Manong Doming,

Na gode da kuɗin, na gode da takardar. Ka gaida Manang, ka ce ta yi mini daidai. Ban san da guguwar ba, ka yafe mini abin da na rubuta. Da ma ba ka sayar da ɓaunar nan ba.

Daga asibiti nake rubutu. Na kai takardar ofis, suka ce tunda an riga an yanke, sai an sake nema daga farko. Sama da wata biyu ni kaɗai nake juya shi, in ba shi abinci, in zuƙe majina. Na fara sirka madarar da ruwa don ta kai. Kafin Kirsimeti barci ya sace ni a kujera da rana tsaka, na farka na tarar ya shaƙe, leɓɓansa sun yi baƙi. Abinci ya shiga huhunsa. Ya yi mako uku a ɗakin masu tsananin ciwo.

Ya tsira. Amma yanzu an huda masa maƙogwaro an sa bututu, kuma dariyarsa ba ta da sauti. Bakin yana buɗewa, kafaɗun suna rawa, babu abin da ke fita.

Jiya wata ma'aikaciyar asibiti ta zaunar da ni, ta riƙe mini hannu. Duk wanda ya riƙe mini hannu a ƙasar nan, mugun labari zai ba ni. Ta ce ba za su sallame shi zuwa gidan da babu nas ba. Na ce, "Ni ce nas ɗinsa." Ta ce, "Ke ce uwarsa, kuma kin gaji." Sun samo masa gado a wani gidan kula da yara a can ƙarshen tsibiri, mota biyu ake hawa. Ta ce na ɗan lokaci ne, har a daidaita takardu.

Gidan Waipahu ma na bar shi, ba ni da kuɗin haya. Ina kwana a falon Anti Saling. Ba ta ƙara kirana uwar mai gona ba, abinci kawai take dafa mini.

Takardun kotu suna tafe da wannan.

Lita

Pinili
2 ga Mayu, 2004

Ading,

Gaisuwa daga dukanmu. Yaya Kiyo, yaya maƙogwaron? Kullum yara suna sa shi a addu'a.

An yi waksi, mun cire baƙi. Mutane ba su zo da yawa ba, abinci ya yi saura. Mako biyu bayan haka alƙali ya sa hannu. Bai ɗaga kai ya dube ni ba, abin da muka jira wata biyar bai kai shan kofi ɗaya ba. Dillalin ya biya, lauya ya cire nasa, an tura sauran inda lauyanki ya ce.

Mutumin ya ɗauke ni aiki a gonar, don ya ce ba wanda ya san inda ruwa ke kwanciya kamar ni. Kullum ake biyana. Ranar farko na kama kaina ina yi wa wani yaro faɗa don ya taka kunya, sai na tuna ni da shi ɗaya muke. Ba ƙorafi nake yi ba, ina ba ki labari ne.

Yanzu dai an gama, ko? Gona ta tafi, kuɗi sun shiga amanar nan, yaro ya koma ba shi da komai kamar yadda suke so. To Nalani ta dawo? Kin samu gida? Ki aiko mini da hotonsa a ƙofar gida, in kai wa kawunmu in nuna masa abin da na saya da gonar.

Yayanki,
Doming

Honolulu
18 ga Yuli, 2004

Manong,

Ina gaishe ku. Na koma otal, wani daban, ina wankin zannuwa. Kiyo yana nan.

Babu hoto. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa maka.

Kuɗin sun iso. Gwamnati ta fara cire rancenta, asibiti ya cire nasa, gidan kula ya cire na watannin da babu mai biya. Abin da ya saura ya shiga asusun amana, bai kai kuɗin tsohuwar mota ba. Matar ofishin ta kira ni da fara'a ta ce, "Albishirinki, an mayar da shi, ya sake cancanta." Na ce mata na gode. Wallahi na ce na gode.

Amma gurbin nas na gida da yake da shi an ba wani yaro tun bara. Nalani tana can tana duba shi. Kiyo ya koma ƙarshen layi, kuma yanzu da bututun maƙogwaro nas biyu yake buƙata, ba ɗaya ba. Na tambaya shekara nawa. Ta ce ba ta son ta yi mini alkawari. Kuma sai ina da gida mai ɗakinsa, ni da nake kwana a falo.

Ina zuwa ranar Laraba da Lahadi. Wurin da tsabta, ba sa dukansa, ba sa barinsa da yunwa. Na roƙi mai riƙe da amanar ya saya masa rediyo, ya yarda, na kai rasit. Abin da gonar bakin rafi ta zama ke nan, rediyo a kan taga. Na kai masa zogale, suka ce ba a shiga da ganye saboda bututun. Ranar Lahadi na tsaya a bakin ƙofa na kaɗa makullan Anti Saling. Bai buga ƙafa ba. Yana kallon silin, har na zo na taɓa shi.

Ba na jin haushinka kuma, ƙarfin ya ƙare. Abu ɗaya nake roƙo. Na san kana ajiye wasiƙu a gwangwanin biskit ɗin Nanang. Ranar ziyarar matattu, in kun kai wa Tatang abinci, ka ɗauki wasiƙata ta farko ka karanta masa. Duka, Manong. Ina so ya ji abin da na ce.

Ƙanwarka,
Lita

Pinili
3 ga Nuwamba, 2004

Ading Lita,

Muna lafiya. An fara dasa tafarnuwa. Ki shafa mini kan Kiyo.

Mun je. Pacing ta yi wainar shinkafa mai danƙo, na kai masa taba da kwalbar kifin gishirin da kika ce a ɓoye. Mun share kabarin, mun kunna kyandir. Da jama'a suka ragu na ce su Pacing su yi gaba.

Na karanta masa gaisuwarki, da kumburin ƙafa, da zogale. Na karanta na Rudy, na san da ya yi tsaki. Na karanta wurin kaza. Daga nan na ɗaga ido na ga hotonsa da muka manna a jikin dutsen, wanda aka ɗauka ranar da muka dawo daga wurin lauya, yana dariya da haƙoransa biyu.

Na tsaya a wurin har kyandir ya ƙone rabi. Sai na ji bakina yana cewa, "Kwalin kaya yana hanya, tawul ɗin shuɗi naka ne."

Na sake tsallakewa, Ading. Na ce masa Kiyo ya gode da gona.

Yayanki,
Doming